Daga Ciwon Kunne Zuwa Taruwar Mugunya a Ƙwaƙwalwa: Nazarin Jinyar Wani Matashin Tela a Kano

An kawo shi sashen gaggawa ne bayan la'asar, ana tsakiyar watan azumi, a cikin zafin bazara irin wanda yake sa duk likitan da ya ga mai ciwon kai da zazzaɓi a Kano ya fara tunanin sanƙarau. Saurayi ne ɗan shekara 19, yaron shago a wajen wani tela a Fagge, mahaifinsa da yayansa suna riƙe da shi. Kwana biyu kafin nan ya yanke jiki ya faɗi a gaban keken ɗinki, ya yi jijjiga har ya ciji harshe, bayan ya farfaɗo kuma maganarsa ta ƙi komawa daidai. Ina cikin likitocin da suka kula da shi tun daga wannan yammaci har zuwa sallamarsa, na kuma sakaya sunansa da na asibitin, na canza wasu bayanan da za a iya gane shi da su.

Tarihin ciwon ya fi abin da ya kawo su tsawo nesa ba kusa ba. Tun yana firamare kunnensa na hagu yake zubar da mugunya, wani lokaci ta tsaya wata biyu ko uku, da mura ta kama shi kuma sai ta dawo da wari. A gida an daɗe da daina lissafa wannan a cikin rashin lafiya. Auduga ce kullum a kunnen, sai maganin ɗigawa idan warin ya dami mutane. Kimanin mako uku kafin a kawo shi, zubar ta ragu ƙwarai, har mahaifiyarsa ta yi murna ta ɗauka kunnen ya warke. A daidai wannan lokaci ciwon kai ya fara, a ɓangaren hagu, mai nauyi, wanda ya fi tsananta da asuba. Tun da an shiga ɗinkin Sallah, ana kwana a shago ana aiki, kowa ya ɗora laifin a kan rashin barci da azumi. Da jikinsa ya fara ɗumi aka sayo masa maganin zazzaɓin cizon sauro a kemis, da bai ji daɗi ba aka ce taifot ne, aka haɗa masa Ampiclox da sifurofuloksasin. Ya sha na kwana huɗu ko biyar, a lokacin sahur da buɗa-baki kawai, ya ga ɗumin ya sauka, ya ajiye sauran. Daga nan amai ya biyo baya, sai yawan barci, sai faɗuwar da ya yi a shago. Ganin jijjiga da rikicewar magana ya sa iyali suka zaci iska ce, aka yi kwana biyu ana masa ruƙiyya da tofi, kuma malamin da yake masa karatun ne da kansa ya ce wa mahaifin a tafi asibiti, don ya lura yaron yana dafe gefe guda na kansa ko a cikin barci.

A gwajin farko zafin jikinsa maki 38.1 ne a ma'aunin Salsiyos, wato zazzaɓi ne mara tsanani. Yana buɗe ido idan an kira shi, yana bin umarni, amma a ruɗe yake, muka ba shi maki 13 cikin 15 a ma'aunin hayyaci na Gilasgo. Wuyansa ya ɗan sandare, sai dai bai kai irin sandarewar da muka saba gani a sanƙarau ba. Gefen bakinsa na dama ya ɗan saki, hannunsa na dama kuma yana sauka a hankali idan ya miƙe hannayen biyu ya rufe ido. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganarsa. Na ɗauki almakashin da ma'aikaciyar jinya take yanka filasta da shi, na nuna masa, na ce ya faɗa mini sunan abin. Ya dube shi, ya ɗaga yatsu biyu yana buɗewa yana rufewa kamar mai yanka yadi, ya ce, "Abin nan ne, na shago, abin nan," ya sake dubansa, hawaye suka taru a idonsa. Tela ne da yake riƙe almakashi tun safe har dare, ya san aikinsa sarai, sunan ne ya ɓace masa. Irin wannan matsala tana nuna taɓuwar sashen ƙwaƙwalwa na gefen hagu da ke saman kunne, inda akasarin mutane suke ajiyar kalmomi. Da na haska kunnen na tarar dodon kunnen a huje, da mugunya mai kauri da wari a ciki, da na haska cikin idonsa kuma na ga jijiyar gani ta kumbura a idanu biyun, alamar matsi ya hau a cikin ƙoƙon kai.

A nan ne shawara ta farko mai nauyi ta taso. Arewacin Najeriya yana cikin yankin da ake kira zirin sanƙarau na Afirka, wanda ya miƙe daga Senegal har Habasha, kuma daga ƙarshen hunturu zuwa faɗuwar damina cutar take tashi. A ƙa'ida, wanda ake zargin yana da sanƙarau ana ɗibar masa ruwan baya da allura a auna. Amma idan akwai wani abu da ya cika wuri a gefe guda na ƙwaƙwalwa, rage ruwa daga ƙasa yana iya sa ƙwaƙwalwar ta zame ta danne mahaɗarta da laka, inda numfashi da bugun zuciya suke, mutum ya cika a kan gadon gwaji. Jijjiga, da raunin ɓangare guda, da kumburin jijiyar gani, kowanne daga cikinsu ya isa ya hana a taɓa bayansa kafin a ɗauki hoton kai. Don haka muka fasa ɗibar ruwan, muka ɗebi jini don shukawa a ɗakin gwaji, kafin a cika awa guda da isowarsa kuma muka fara ba shi magani ta jijiya. Hoton kai na siti-sikan bai samu ba sai washegari da hantsi, bayan iyali sun haɗa kuɗinsa, amma ba mu jira shi ba, domin a cutar bakteriya da ta shiga ƙwaƙwalwa jinkirin allurar farko yana ƙara haɗarin mutuwa da naƙasa, hoto kuwa ba ya canza komai a zaɓin maganin daren farko.

Hoton ya nuna abin da muke tsoro: ƙulli mai faɗin santimita 3.5 a sashen hagu na ƙwaƙwalwa, daidai saman kunnen, da zobe mai haske kewaye da shi bayan an saka ruwan da ke fito da hoto, da kumburi mai yawa a gefensa wanda ya tura tsakiyar ƙwaƙwalwar zuwa dama. Ƙashin bayan kunnen, wanda a lafiya yake cike da ƙananan kogunan iska, ya toshe gaba ɗaya, rufin da ya raba kunnen da ƙwaƙwalwa kuma ya zaizaye. Wannan rufi siririn ƙashi ne ƙwarai, shekarun da mugunya ta yi tana kwance a ƙarƙashinsa sun ishe ta ta cinye shi. Raguwar zubar da aka yi wa murna ba warkewa ba ce, hanyar fita ce ta toshe, mugunyar ta nemi sama. Ƙwayoyin cuta idan suka shiga naman ƙwaƙwalwa sukan fara da kumburi mara iyaka, cikin kimanin mako biyu kuma tsakiyar wurin ya narke ya zama mugunya, jiki ya gina masa bango. Abin da ke sa a makara wajen gano wannan ciwo shi ne ba ya zuwa da hayaniya: kusan rabin masu shi ba su da zazzaɓi a ranar da aka gan su, waɗanda suke haɗa ciwon kai da zazzaɓi da raunin wani sashe na jiki gaba ɗaya kuwa ba su wuce ɗaya cikin biyar ba. Mun gwada shi ƙanjamau da ciwon suga, duka babu, hoton ƙirjinsa bai nuna tarin fuka ba, zuciyarsa kuma lafiya take. Waɗannan gwaje-gwaje ba na cika takarda ba ne, domin a Kano ƙulli mai zobe a ƙwaƙwalwa yana iya zama na tarin fuka, a mai raunin garkuwar jiki kuma yana iya zama wata cuta dabam da maganinta ba wannan ba ne.

Magunguna biyu muka ɗora shi a kai: seftiriyakson giram 2 ta jijiya duk bayan awa 12, da metronidazol, wanda aka fi sani da Flagyl, miligiram 500 duk bayan awa 8. Dalilin haɗa su yana cikin irin ƙwayoyin da kunne mai daɗaɗɗen ciwo yake tarawa, waɗanda kusan kullum gauraye suke: akwai dangin sitireptokokas, akwai ƙwayoyin hanji irin su furotiyos, akwai kuma waɗanda ba sa rayuwa sai inda babu iskar oksijin. Seftiriyakson yana kashe kashi biyun farko, Flagyl yana kashe na ukun, yana kuma ratsa bangon ƙullin ya shiga cikin mugunyar kanta fiye da yawancin magunguna. Wannan haɗi shi ne wanda ƙungiyar ƙwararrun cututtuka masu yaɗuwa ta Turai ta tabbatar a ƙa'idarta ta 2024, tare da tsawon mako 6 zuwa 8 ta jijiya. Mun ƙara masa fenitoyin saboda jijjigar, da deksametazon na 'yan kwanaki kawai don rage kumburin da ke neman halaka shi, muka janye shi da wuri tun da yana iya rage shigar magani da jinkirta ginin bangon.

Ya kamata a fahimci dalilin da ya sa maganin kemis bai yi masa amfani ba, alhali shi ma maganin kashe ƙwayoyin cuta ne. Jijiyoyin jinin da ke cikin ƙwaƙwalwa ba kamar na sauran jiki ba ne; bangonsu a manne yake ƙam, yana tace abin da zai wuce, har ma yana da hanyoyin mayar da wasu magunguna cikin jini bayan sun shiga. Kafso na Ampiclox da aka sha sau biyu a rana yana iya taɓa ƙwayoyin da ke yawo a jini, ya sauke zazzaɓi, amma abin da zai isa tsakiyar ƙullin bai taka kara ya karya ba. Seftiriyakson kansa, akasarinsa yana manne da furotin na jini, ɗan abin da ya rage a sake ne yake tsallakawa, shi ya sa adadin da ake bayarwa a ciwon ƙwaƙwalwa ya ninka wanda ake bayarwa a ciwon huhu ko na mafitsara. Jentamaisin, wanda ake yawan yi wa mutane allurarsa a unguwanni, ba ya tsallakawa yadda ya kamata, ko ya shiga ma ba ya aiki a cikin mugunya mai tsami da ƙarancin iska. Akwai kuma wani abu da masu jinya ba su cika sani ba, wanda daga baya ya zama ginshiƙin wannan lamari: kumburi yana ɗan sassauta wannan shinge, don haka a kwanakin farko magani ya fi samun shiga, idan kumburin ya fara sauka kuma shingen ya sake matsewa. Lokacin da mara lafiya ya fara cin abinci yana hira, a lokacin ne maganin ya fi shan wahalar isa wurin, a lokacin ne kuma rage shi ya fi haɗari.

Ƙullin da ya haura santimita 2.5 ba a barinsa ga magani kaɗai, sai an zuƙe shi. Da likitan tiyatar ƙwaƙwalwa ya yi wa mahaifin bayanin cewa za a huda ƙoƙon kai, dattijon ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya juyo gare ni ya ce, "Likita, tsakaninka da Allah, magani za ku yi masa ko gwaji?" Ban ji haushin tambayar ba, domin duk wanda ya girma a Kano ya san tushenta. A annobar sanƙarau ta 1996, wadda ta kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya ta kashe fiye da 11,000, kamfanin Pfizer ya gwada sabon maganinsa Trovan a kan yara a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara 200 aka saka a gwajin, 11 suka rasu, shari'a ta ɗauki shekaru, sai a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin jihar a kan dala miliyan 75. Na ce masa, "Baba, maganin da muke ba shi ya haura shekara talatin ana amfani da shi a duniya, aikin da za a yi masa kuma ya girmi kakanninmu." Gaskiya na faɗa masa, domin tun a 1893 likitan tiyata William Macewen na Gilasgo ya ba da rahoton mutum 19 da ya zuƙe wa mugunya a ƙwaƙwalwa, 18 suka rayu, tun ba a san fenisilin ba. Na nuna masa hoton, na sa yatsansa a kan zoben, na nuna masa kunnen a ƙarƙashinsa. Ya nemi a ba shi daren ya yi shawara da 'yan'uwansa, da safe ya sa hannu.

A kwana na uku aka yi aikin. Ta ƙaramin rami aka zuƙo mugunya kusan mililita 20, ruwan ɗorawa mai ratsin kore, warinta ya cika ɗakin tiyata, wannan wari kuwa shaida ce ta ƙwayoyin da ba sa son iska. A ƙarƙashin madubin ɗakin gwaji an ga ƙwayoyi iri fiye da ɗaya, amma da aka shuka mugunyar da jinin babu abin da ya tsiro. Hakan yana faruwa a kusan kashi ɗaya cikin uku na masu wannan ciwo, musamman waɗanda suka sha magani kafin a ɗebi samfur, ga shi kuma ƙwayoyin da ba sa son iska suna mutuwa a hanya idan babu kwalbar da aka tanada dominsu. Asarar da kafso na kwana biyar ya jawo ke nan: bai kashe cutar ba, ya kuma hana mu sanin sunanta da maganin da take ji, sai muka ci gaba da aiki da ƙiyasi.

Sauƙi ya zo da sauri. A kwana na shida zazzaɓi ya tafi, a na takwas ya daina amai, a na goma yana salla a zaune yana tambayar wanda ya ƙarasa ɗinkunan da ya bari. Mun mayar da Flagyl na sha, saboda hanji yana tsotse shi kusan gaba ɗaya, ƙwayar kuma ta fi ta ƙarin ruwa arha sosai. Likitocin kunne sun duba shi suka ce dole a yi aikin ƙashin bayan kunnen, amma iyali suka roƙi a bari sai bayan Sallah, mu ma muka amince ganin yadda yake murmurewa.

A kwana na 20 ciwon kai ya dawo, da daddare ya yi amai sau uku, da safe zafin jikinsa ya kai maki 38.6, kalmomin da suka fara dawowa suka sake tarwatsewa. Sabon hoto ya nuna mugunya ta sake taruwa, santimita 2.8. A zagayen safe ra'ayi ya rabu. Wasu abokan aiki suka ce ƙwayoyin sun bijire wa seftiriyakson, a koma merofenem, a ƙara bankomaisin, kuma ba za a ce maganarsu ba ta da tushe ba, tun da bijirewar ƙwayoyin hanji ga wannan rukunin magani ta yawaita a asibitocinmu, ba mu kuma da sakamakon shuka da zai ƙaryata su. Wani ya kawo zancen ingancin maganin da ake sayowa daga waje, wanda shi ma abin dubawa ne, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa kusan ɗaya cikin goma na magunguna a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita jabu ne ko marasa inganci. Kafin a yanke hukunci, babbar ma'aikaciyar jinya ta ɗakin ta ajiye takardar ba da magani a gabanmu ta ce mu ƙirga. Daga kwana na 15 zuwa na 19, wato ranar Sallah da kwanakin da suka biyo ta, allura goma ya kamata ya samu, huɗu kawai ya samu, biyu daga cikinsu ma giram ɗaya ne maimakon biyu. A gaban sauran guraben an rubuta cewa babu magani a hannu. Ƙwayoyin Flagyl kuwa muka same su a ƙulle cikin leda ƙarƙashin matashinsa, ya daina sha saboda ɗacin ƙarfe da suke bar masa a baki da tashin zuciya.

Na kira yayansa gefe na tambaye shi abin da ya faru. Ya ce, "Wallahi Likita kuɗin ne suka ƙare. Mun ga ya tashi yana cin abinci, sai muka ce a riƙa yi masa ɗaya kafin Allah ya hore." Lissafin a bayyane yake ga duk wanda ya zauna ya yi shi. Seftiriyakson yana zuwa ne a kwalbar giram ɗaya, kwalba 4 ke nan a kullum, a mako shida kwalba 168, ban da sirinji da ruwan haɗawa da kanula da ake canzawa duk bayan 'yan kwanaki, ban da hotuna biyu da kuɗin tiyata da suka riga suka cinye abin da aka tara, har da kuɗin akuyar mahaifiyarsa. Mahaifin ɗan ƙaramin ɗan kasuwa ne mai samun na yau da ƙyar, yayan kuma direban adaidaita-sahu ne da ya ajiye aiki yana jinya. Ba wanda ya taɓa zaunar da su ya faɗa musu wannan adadi tun ranar farko. Kullum takardar sayen maganin kwana ɗaya ko biyu ake miƙa musu, su kuma kunya ta hana su cewa sun gaza. Ni kaina na zagaya gadonsa sau biyu a cikin waɗannan kwanaki, na ga fuskarsa ta washe, na rubuta a ci gaba da magani, ban buɗe takardar da za ta nuna mini ko ana ba shi ba. Wannan kuskurena ne, kuma ina ganin irinsa ya fi bijirewar ƙwayoyin cuta yawan kashe masu wannan ciwo a wurinmu. Zaɓen maganin bai ɗauke mu minti biyar ba, amma jinyar kanta allura 84 ce da dole kowacce ta shiga jijiya a kan lokacinta, mun kuwa bar wannan nauyi gaba ɗaya a wuyan mutanen da ba mu gaya musu girmansa ba. Ga kuma kunnen da muka ɗaga aikinsa, wanda yake ci gaba da turo ƙwayoyi ta ramin da ke rufinsa. Mun kashe maciji ba mu sare kansa ba.

Ba mu canza maganin ba. Hujjarmu ita ce ya yi aiki sarai a kwana 14 da aka ba da shi cikakke, ciwon bai dawo ba sai da aka yanke shi, merofenem kuma ya ninka shi tsada sau da yawa, wanda ke nufin za a sake yankewa cikin mako guda. Mun dai ajiye sharaɗi cewa idan awa 72 ta wuce bayan zuƙa ta biyu ba a ga sauƙi ba, za mu koma kansa. A kwana na 22 aka sake zuƙe mugunyar, a na 26 likitocin kunne suka buɗe ƙashin, suka tarar da dunƙulen matacciyar fata mai kama da lu'ulu'u, irin wanda yake girma a cikin kunne yana narkar da ƙashin da ke kewaye da shi, suka kwashe shi suka toshe ramin. Zazzaɓin ya sauka a cikin kwana biyu, muka fara ƙirga mako shida daga ranar zuƙa ta biyu.

Sauran aikin na tsari ne. Mun rubuta wa iyali adadin kwalaben da suka rage gaba ɗaya a takarda guda, yayan ya kai ta masallacin unguwarsu bayan sallar Juma'a, maigidansa na shago ya kai ta wurin 'yan'uwansa teloli, ofishin walwalar marasa lafiya na asibitin ya ɗauki wani kaso. Aka riƙa sayen na mako guda a dunƙule daga wuri ɗaya amintacce, ana duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ana ajiyewa a hannun ma'aikatan jinya, aka kuma yi ƙa'ida cewa duk allurar da ta kuskure a sanar da likita a wannan rana. Flagyl aka koma ba shi bayan abinci, a gaban ma'aikaciyar jinya. Jijiyoyin hannunsa sun ƙone da yawan huda har aka koma na bayan hannu da na ƙafa. A mako na takwas ya fara jin tafin ƙafafunsa suna masa kamar ana tsira allura, alamar Flagyl ya fara taɓa jijiyoyi saboda daɗewa, muka auna muka ga saura kwana goma, ga hoto ya nuna ramin ya kusa rufewa, sai muka tsayar da shi muka ƙarasa da seftiriyakson kaɗai. An sallame shi bayan mako tara da kwanciya.

A cikin shekaru kusan hamsin, mace-macen wannan ciwo a rahotannin duniya sun sauka daga kusan kashi 40 cikin 100 zuwa kusan kashi 10, saboda hoton siti-sikan da ya shigo a shekarun 1970, da sauƙin tiyata, da magungunan da ke isa ƙwaƙwalwa, kimanin kashi 70 cikin 100 kuma suna tashi ba tare da naƙasa mai nauyi ba. Matashin nan yana cikin waɗanda suka tashi, sai dai bai fita haka nan ba. Kunnen hagu ya rasa yawancin jinsa. Tabon da ya rage a ƙwaƙwalwa yana iya haifar da farfaɗiya ko bayan shekaru, don haka ya ci gaba da shan maganin jijjiga, mun kuma hana shi tuƙa babur da shiga ruwa shi kaɗai da kwanan shago. A wata na biyu bayan sallama ya sake jijjiga sau ɗaya, bayan maganin ya ƙare masa kwana uku, tun daga nan yayansa yake karɓo na wata guda kafin na hannu ya ƙare. Jin allurar da ke ƙafafunsa ya ragu a hankali. Ina kyautata zaton da ba a samu yankewar kwana biyar ɗin nan ba, kuma da an yi aikin kunnen a mako na farko, da zuƙa ɗaya ta wadatar, da tabon bai kai haka ba.

A wata na shida ya zo ganin likita sanye da riga da ya ɗinka da kansa. Ƙarfin hannunsa na dama ya dawo daidai da na hagu, bakinsa ya miƙe, cikin kunnen a bushe yake. Na jera masa biro da agogo da makulli da almakashi a kan tebur. Ya faɗi ukun farko ba tare da tsayawa ba, a kan almakashin ya ɗan dakata, leɓensa na motsi, sannan ya faɗe shi. Ya ce har yanzu idan ya gaji ko kwastoma ya matsa masa da magana sunayen yadi sukan ɓace masa, sai ya nuna da hannu. Mahaifin, wanda ya rako shi, ya shigo da ƙanwarsa 'yar shekara bakwai da auduga a kunnenta na dama, ya ce tun bara take zubar da ruwa. Na haska na ga dodon kunnen a huje, na rubuta mata takardar zuwa sashen kunne a wannan rana, shi kuma na ba shi ranar dawowa bayan wata uku.